Sualihu da Firizar da Ba Ta Sha Wutar Gana Ba

Da sunan Allah, da salati ga Annabi, sannan magana. Allah ya tsare harshe kada ya ƙara abin da ba a yi ba.

Duk wanda ya zauna Salaga ya ce bai san Sualihu Hom-yus ba, to ƙafarsa ba ta taka Unguwar Alhaji ba. Dogo ne siriri, hularsa kullum a karkace gefe ɗaya kamar tana sauraron wani abu. Jinin fataken goro ne. Kakanninsa da jakuna suka zo daga Hausa, suka sha ruwan rijiyoyin Salaga, suka ƙi komawa. Shi da ya taso goro ya riga ya canja hanya, sai ya kama doya. Ya loda doya a Salaga, ya bi ta Yendi, ya haura Gambaga, ya sauka Bawku ya sayar, ya dawo da albasa. Mutum ne da ladan ba ya riga shi masallaci sai da ƙyar. Ƙarya kuwa ba ya yin ta ko da wasa. In ya sayar maka da doya akwai mai tabo a ciki, shi da kansa zai juya ta ya nuna maka. Aibinsa ɗaya ne, in ma aibi ne: wata kalmar Turanci da ya tsinto a kasuwar Bawku yana saurayi, ya riƙe ta kamar carbi.

Ga yadda ya tsince ta. Ribarsa ta farko a doya, rediyo ya saya da ita. Sabuwa fil, cikin kwali, irin kayan da ake ƙetarowa da su daga Sankasi. Ga ƙyalli, ga wasu ƙananan fitilu ja da kore suna wasa in mutum yana magana. Ya rungume ta a bayan lori yana jin kansa. Kafin su kai Nalerigu muryarta ta dishe. A Yendi ta yi tari ta yi shiru. Da ya iso Salaga sai kwalin kawai ya nuna wa mutane.

Da ya koma Bawku, yana yawo da gawar rediyon a hammata, sai ya faɗa rumfar wani Ɗanlarai. Kayan rumfar nan duk tsofaffi ne, baƙaƙe, masu ƙwarzane, amma mutane sun yi cincirindo a kai. Ɗanlarai ya dubi abin da ke hammatarsa ya yi dariya.

"Massa, sabuwa ka saya ke nan?"

"Sabuwa fil."

"Shi ya sa. Sabon abu wa ya san halinsa? Riƙe wannan ka ji."

Ya ɗora masa wata baƙar rediyo a hannu, nauyinta kamar dutsen niƙa. Ya ce wannan hom-yus ce. Sualihu ya ce mene ne kuma hom-yus? Ɗanlarai ya zaunar da shi ya yi masa karatu. Ya ce hom shi ne gida, yus kuma an yi aiki da abu. Amma ba kowane gida ba, gidan Bature, can ƙasarsu. Bature ya saya don kansa, ka ga kuwa ba zai saya wa kansa na banza ba. Ya yi aiki da abin a wutarsu mai hankali, wadda ba ta tashi ba ta faɗuwa. Da ya gaji da ganinsa, ba don ya lalace ba, sai ya fitar, aka loda a kwantena, jirgin ruwa ya kawo Tema. Ya ce 'yan kasuwar can bakin ruwa suka raɗa wa kayan wannan suna, don in ka ce gwanjo, mai saye zai ɗauka wani ne a Kumasi ya sha romon abin ya kawo masa ƙashi. Yaran da suka yi boko ma sun ce ko Baturen ka tare ka ce masa hom-yus, sai ya tsaya yana kallonka. Turancin namu ne, a nan aka haife shi.

"To in na kai ta Salaga na yi aiki da ita fa?" in ji Sualihu.

"Ranar da ta sha wutar Gana, ta tashi daga hom-yus. Ta zama Gana-yus. Wannan kuwa ko kyauta aka ba ka, ka yi tunani tukuna."

Shi ke nan, magana ta zauna wa Sualihu. Rediyon kuwa ta yi ta magana har ya yi aure, har aka yi haihuwa. Daga nan duniya ta kasu uku a wurinsa. Hom-yus a sama, sabo na kwali a tsakiya, Gana-yus can ƙasa. Dutsen gugar gidansa sai da hannu biyu ake ɗaga shi. Fankarsa bakin wayarta bai shiga soket ɗinmu, sai an yi mata ƙari. Ya taɓa sayen wayar hannu da ke magana da Jamusanci, aka rasa mai juya ta, ya ce a bar ta haka, ai shaida ce. In maƙwabci ya sayo sabon talabijin ya kira shi ya sa albarka, zai ɗaga ya auna a hannu, ya ajiye a hankali, ya ce, "Allah ya ba shi tsawon rai," da irin muryar da ake gaida mara lafiya.

Matarsa Fulera mace ce mai baki, amma mai haƙuri. Wata rana ta ce masa, "Malam, ni da aka haifa nan bayan kasuwar Salaga, ban taɓa leƙa Jamus ba, yaya aka yi ka ɗauke ni?"

Ya ce, "Ke dai ki gode wa Allah, sa'a kika ci."

Ta ce, "Ni da dutsen gugar nan, wa ya fi ɗaukar zafi a gidan nan?"

Ya ɗauki buta ya fice.

'Yarsu ta fari Najat ce. Kunyar 'yar fari kuwa Sualihu ya riƙe ta yadda ya gada. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". In ta gaishe shi, bango yake amsa wa. Da ta girma ta kama sayar da burkina a tashar mota, gero da nono, kuma hannunta da daɗi, Allah ya ba ta. Matsalarta sanyi. Ƙanƙara a gidajen mutane take saye, ran da aka samu aka samu, ran da ba a samu ba kafin la'asar nono ya yi tsami, ta dawo da shi gida a ba awaki. Wata rana Sualihu yana zaune ƙofar gida ta wuce shi da bokiti cike, ido ya yi ja. Ya kawar da kai. Amma tafiyarsa ta gaba Bawku, da ya dawo, a kan buhunan albasa akwai wani abu fari, dogo, kamar akwatin lefe na ƙattai.

Firiza ce. A rumfar Ɗanlarai ya same ta, wanda yanzu gemunsa ya yi fari. Su masu wannan sana'a kaya iri biyu suke sayarwa. Akwai wanda za a jona a gabanka ka gani da idonka. Akwai kuma wanda za ka ɗauka yadda ya fito daga kwantena, ba gwaji, ba mayarwa, kai da rabonka. Wannan firiza ta biyun ce, murfinta naɗe da salatif ɗin can, ga wata takarda manne a gefe da rubutun da ba mai iya karantawa. Ɗanlarai, don abota, ya ce, "Massa, kai ba baƙo ba ne. Bari in jona maka ita ka ji kukanta."

Sualihu ya yi tsalle ya riƙe masa hannu. "Kada ka kuskura!"

Mutane suna ɗaukar wadda ba a gwada ba don ta fi araha. Shi ba don haka ba ne. Shi lissafinsa, wannan firiza ta ɗakin auren yarinyar nan ce. Ranar da aka kai kaya, matan dangin miji za su tambaya wace iri ce, yana so a ce hom-yus, kuma ya zama ba a yi ƙarya ba. In ta sha wutar Gana ko na ƙiftawar ido ne, bakinsa ba zai iya faɗin haka ba.

Sai dai fa a lokacin ko mai neman Najat babu.

Aka shigar da firiza ɗakinsa, ya ɗora ta a kan bulo don damina, ya lulluɓe ta da zanen gado. Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya share mata ƙura. Najat kuwa ta ci gaba da bin gidaje sayen ƙanƙara, tana wuce ta ƙofar ɗakin safe da yamma. Fulera ta yi magana har ta gaji.

"Malam, yarinya tana asarar nono, abin sanyi yana kwance ɗakinka kamar mai jego. A jona mata mana."

"Ta ɗakinta ce."

"To a buɗe ko iska ta sha."

"Salatif ɗin nan shi ne shaida. In an ɓalle, wa zai yarda?"

"In ba ta aiki fa?"

Ya dube ta kamar ta zagi kakansa. "Hom-yus ce, Fulera."

Azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, ana buɗa baki da ruwan randa a gidan da ke da firiza. Sannan Allah ya kawo Abdul-Nasir, wani tela daga Yendi, da ya sauka tasha ya sha burkina, ya dawo ya sake sha, har direbobi suka gane ba ƙishi ke kawo shi ba. Yaro mai ladabi. Suka daidaita, manya suka shiga, aka ɗaura aure a Salaga.

Ran kai amarya aka fito da kaya. Tukwane, kwanuka, kuloli, katifa, duk sababbi, Fulera da 'yan'uwanta sun yi ƙoƙari. Ƙarshe ƙarti suka fito da firiza, Sualihu yana biye yana cewa kada a kwantar da ita, kada a jijjiga. To, kowa ya sani uba ba ya raka 'yarsa gidan miji, balle 'yar fari. Aikin mata ne, uba yana gida yana karɓar addu'a. Sai ga Sualihu da babbar rigarsa ta ɗaurin aure yana taka tayar motar kaya zai hau baya.

Fulera ta riƙe haɓa. "Malam! Ina za ka?"

"Yendi."

"Gidan surukai? Yau? Kai?"

"Ni ba yarinyar nan nake rakawa ba. Firiza nake rakawa."

Haka aka tafi. Mata a bas a gaba suna guɗa, uban amarya a bayan motar kaya rungume da firiza, duk ramin da aka faɗa sai ya buga rufin direba. Daga Salaga har Bimbila, daga Bimbila har Yendi, direban nan ya sha wa'azi.

Gidan su Abdul-Nasir babban gida ne, kuma mai gidan a gaskiya kakarsa ce, Hajiya Barakatu. Tsohuwa 'yar ƙarama, carbi a wuya, ido kamar na shaho. Ita ce in an kawo kayan amarya take bi ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe murfi, ta ƙwanƙwasa gindin tukunya, matan unguwa suna biye da ita. Abin da ta yaba ya yabu, abin da ta yi wa shiru kuwa amarya za ta daɗe tana jin labarinsa a bakin famfo. An shigar da Najat ɗaki lulluɓe, an baje kaya a tsakar gida. Sualihu ya raɓe jikin bango kusa da firizarsa, shi kaɗai namiji cikin mata, kunya tana cinsa amma ƙafa ta ƙi tafiya.

Hajiya ta gama da kwanuka ta iso gare shi. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Wannan dogon kuma cikin kayan yake?"

Mata suka kwashe da dariya. Aka ce baban amarya ne.

"Baban amarya? A Salaga haka kuke yi? To sannu da hanya, surukina. Wannan fa, me ya sa an ɗaure mata baki?"

Nan fa Sualihu ya sami abin da ya daɗe yana jira. Ya gyara hula. Ya ce, "Hajiya, wannan hom-yus ce. Daga gidan Bature ta fito kai tsaye. Tun da ta sauka jirgi ba ta sha wutar Gana ba, ba wanda ya buɗe ta. Yadda Baturen ya rufe, haka na kawo."

Ya tsaya yana jiran guɗa. Hajiya ta ja carbi ɗaya.

"Gidan Bature. Wane Bature?"

"Ai ba a sanin sunansu, Hajiya."

"Yana salla?"

Ta ƙwanƙwasa murfin firizar.

"Na ce, Baturen nan da ya yi aiki da ita, me yake sawa a ciki? Zamzam?"

Wallahi tsawon shekarun nan Sualihu yana tunanin wutar Bature, bai taɓa tunanin tukunyar Bature ba ko sau ɗaya. Hajiya ta ce a kawo wuƙa. Ita da hannunta ta yanke salatif ɗin da ya yi ta gadi, ta ce wa wasu mata biyu su ɗaga murfi.

Abin da ya fito, Allah ya raba mu da irinsa. Wari ne da ya tsufa a rufe, ya sha zafin Salaga ya nuna. Matan gaba suka ja da baya suna toshe hanci da gyale, wata mai ciki ta ruga bayan gida. Cikin ya yi baƙi da fumfuna. Can ƙasa a lungu akwai wata leda da ta manne. Hajiya ta sa sanda ta ɗago ta. A jikin ledar hoton alade ne, ja-ja da shi, ya sa hular masu dafa abinci, yana murmushi.

Salati ya tashi ko'ina. Wata ta ce, "A nan za a sa nonon da za mu sha?" Wata daga baya ta ce, "Hom-yus paa! Hom-yus ta gaske!" Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Fulera, da ta biyo matan rakiya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sualihu kuwa ba dariyar ce ta dame shi ba. Tagar ɗakin amarya a buɗe take, ya san yarinyar nan tana ji. Ranarta ta farko a gidan mutane, abin da ubanta ya kawo mata ke nan.

Hajiya ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta ce, "Abin nan ba zai shiga ɗakin jikana da najasa ba. Amma kyautar uba ba a mayar da ita. Ku kawo ruwa. Ku kawo ƙasa mai tsarki, da toka, da sabulun salo. Za mu yi mata wanka."

Kafin ka ce me, mata sun ɗaura ɗamara, bokitai sun jeru. Sualihu ya ga wata ƙatuwa ta ɗago baho za ta sheƙa tun daga sama, ya yi ihu.

"Hajiya, don girman Allah! In ruwa ya shiga injin, ta mutu!"

"Ina injin yake?"

"Nan baya, ƙasa."

"To kai ka san injin, mu mun san tsarki. Kowa ya riƙe nasa."

Bai tsaya tunani ba. Ya tuɓe babbar rigar ɗaurin aure, shadda mai aiki, ya naɗe injin da ita, ya durƙusa ya rufe da jikinsa, daga shi sai 'yar shara da wando. Mata suka hau aiki. A cuɗa da ƙasa a ɗauraye, a cuɗa da toka a ɗauraye, a bi da sabulu, a bi da lemun tsami. Rabin ruwan a firiza, rabi a bayan uban amarya. Da abin ya yi musu daɗi sai suka kama waƙar da ake yi wa amarya ran wanka, suna tafi. Wata ta ce tunda ta musulunta sai a raɗa mata suna. Wata ta ce a tambayi babanta, ga shi nan a gindinta. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Baban amarya, a cuɗa maka baya tunda an jiƙa?" Shi dai kansa a ƙasa, yana ta hasbunallahu, hannunsa bai saki injin ba.

Da aka gama Hajiya ta sunkuya ta shinshina. Ta ce tsarki ya samu, wari bai tafi ba. A zuba gawayi a ciki, a bar ta buɗe a rana, ita za ta faɗi ranar da za a jona. Sannan ta dubi Sualihu yana ɗigar ruwa, hula ta koma ƙeya, ta yi ɗan murmushi.

"Surukina, ka ci abinci kuwa? Ku ba shi tuwo. Mutumin da ya ba da shaddarsa saboda kayan 'yarsa, a ba shi da nama."

Matan Salaga suka kwana suka juya. Sualihu ya ce shi ba inda za shi sai ya ji kukan firiza. Ya sauka gidan wani abokin cinikinsa na albasa. Kullum da hantsi sai ga shi a ƙofar gidan surukai, wai wucewa yake yi. Abdul-Nasir ya rasa inda zai sa kansa, ango yana ganin surukinsa kafin ya ga karin kumallo. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ku je ku huta, in an jona zan kira ku." Sualihu ya ce ba komai, shi iskar Yendi ce take masa daɗi.

Ran da Hajiya ta shinshina ta ce ya yi, aka shigar da firiza ɗakin Najat, matan gida suka taru a ƙofa. Sualihu ya tsaya daga waje, don ɗakin 'yarsa dai ba zai shiga ba, duk abin da ya riga ya yi. Abin da ba a taɓa gwadawa ba, ya daɗe a rufe, ga shi ya sha wanka. In ta ƙi tashi, yarinyar nan ta zama amaryar da ubanta ya kawo wa akwatin alade, kuma mataccen akwati. Ya ce, "Yi bisimilla, Abdul-Nasir." Ango ya yi bisimilla ya soka.

Shiru.

Sai wata mata ta taɓa makunnin fitila ta ce, "Ai babu wuta. Sun ɗauke." Ashe unguwar gaba ɗaya ce, wai wani abu ya ƙone a kan sanda, ba a san ranar gyara ba. Ya zauna dakalin ƙofar gida har la'asar, wuta ba ta zo ba. Fulera ta kira waya ta ce doyarsa tana tsiro a rumbu, kuma kunyar da aka sha ta isa haka, ya dawo gida. Da safe ya hau mota, bai ji kukan firiza ba.

A Salaga labari ya riga shi isa. Yana sauka tasha wani direba ya ce, "Hom-yus, an ce ka musuluntar da firiza a Yendi, Allah ya ba da lada!" Ya daina zama majalisar ƙofar masallaci, ya yi salla ya wuce. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Rediyo ma ya daina kunnawa.

Bayan 'yan kwanaki Najat ta kira uwarta. Fulera ta shigo da murna, "Malam, wuta ta dawo, firiza ta tashi! Ta ce tana aiki kamar me."

Ya ce, "Lallashina suke yi."

"Yarinyar taka ce za ta yi maka ƙarya?"

"Ba ƙarya ba, tausayi. A waya ai kowa firizarsa tana aiki."

Fulera ta mayar wa Najat yadda ya faɗa, kalma da kalma.

Ran kasuwa da azahar sai ga direban motar Yendi a ƙofar gida da wani bokitin fenti, an naɗe shi da buhu an ɗaure da igiya. Ya ce amarya ta ce a ba Baba hannu da hannu, kuma ta ce kada ya tsaya ko'ina a hanya, amma taya ta fashe musu bayan Bimbila. Sualihu ya kwance igiya. Ƙarƙashin buhu garin katako ne, ƙarƙashin garin katako tsohon zane, cikin zanen ledojin fiya wata. Ya taɓa ta farko, ruwa ce. Ta biyu ruwa. Ya yi ta tonawa har ta tsakiya. Da ya matsa ta sai ya ji abu mai tauri. Ya fasa da haƙori, ya zuba a tafin hannu. Ƙanƙara ce, ba ta fi ƙwan zabo ba.

Ko takalmi bai tsaya nema daidai ba, ya sa ƙafa ɗaya nasa ƙafa ɗaya na Fulera, ya fita. Ya nuna wa mai shagon kusa. Ya nuna wa matar da ke tuyar ƙosai. Ya tare wani a kan babur ya nuna masa. Ruwa yana bin gwiwar hannunsa, ƙwan zabo ya koma ƙwayar gyaɗa. Kafin ya kai majalisar ƙofar masallaci, inda ya fi so a gani, ya buɗe hannu babu komai sai jiƙa.

Dattawan suka leƙa tafin hannun, suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Me za mu gani, Sualihu?"

"Ƙanƙara ce. Daga Yendi. Yarinyar nan ta aiko."

"To ina take?"

Wani kuma ya ce, "Kai dai faɗi gaskiya, tunda ba ka ƙarya. Firizar nan yanzu ta sha wutar Yendi, ta sha ruwan Yendi, har da toka. Mece ce sunanta?"

Sualihu ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Gana-yus ce. Na yarda. Amma ku taɓa."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora musu tafin hannun a kumatu, har da liman da ya fito alwala. Da sauran sanyi kuwa.

Allah ya sanyaya mana zukata, ya zaunar da 'ya'yanmu lafiya a ɗakunansu, ya sa mu cika da imani.